Kafin a haɗiye ƙwayar farko: me mai ciwo mai daɗewa zai tambayi likita?

Malam Sada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga batun wannan makon. Mutum ya je asibiti a Katsina ko Daura, an ce masa yana da hawan jini, ko suga, ko asma, ko farfaɗiya, ko ciwon hanta, an rubuta magani an miƙa masa takarda. Kafin ya fara sha, me ya kamata ya tambaya? Likitoci da masu harhaɗa magani, bismillah. Don Allah a fayyace mana, kar a tsaya a "a bi umarnin likita", wannan kowa ya haddace shi.

Dakta Mannir: Wa alaikumus salam, Malam Sada. Tambayar da ta fi kowace ita ce: "Dakta, maganin nan warkar da ciwon zai yi, ko riƙe shi zai yi?" Tarin fuka ana warkewa: wata 6 ana shan magani, wata 2 na farko magunguna huɗu, wata 4 na baya guda biyu, kuma kyauta ne a wuraren da gwamnati ta ware. Hawan jini da suga kuwa riƙe su ake yi. Wanda bai san bambancin ba zai shanye ƙwaya 30 da aka ba shi, ciwon kai ya lafa, ya ɗauka an gama. Jinin ya sake hawa ba tare da ya ji komai ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza.

Ta biyu: "Ta yaya aka tabbatar?" Awo ɗaya ba ya sa a ce mutum yana da hawan jini. Wanda ya sauko daga babur cikin rana, da goro a baki, ya hau matakala, dole awonsa ya yi sama. Sai ya zauna minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba goro ba taba ba kofi na rabin awa kafin nan. In an samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban, to an tabbatar. Amma in ya kai 180/110, ko an ga alamar zuciya ko ƙoda ta taɓu, ba a jiran wata rana.

Malam Bishir: Bari in ɗora daga ɓangaren ɗakin gwaji. Kar mutum ya yarda da "sugarka ya hau" kawai, ya ce a faɗa masa lambar, ya rubuta, har da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Awon safe bayan awa 8 ba a ci komai ba, in ya kai 7.0 a ma'aunin mmol/L ciwon suga ne. Wannan lambar ita ce 126 a ma'aunin mg/dL, ana ninkawa da 18 ne. Mutanenmu na Mai'adua, Zango, Baure da Jibiya da ke tsallakawa Magarya, Damagaram ko Maraɗi su kula: can da giram a lita suke rubutawa, sai ka ga 1.26. Lamba uku, abu ɗaya. Wanda na'urarsa ta gida ke nuna 140 ya ji maƙwabcinsa na cewa nasa 8 ne sai hankalinsa ya tashi, alhali kusan daidai suke.

Akwai kuma HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance a wata 2 zuwa 3 da suka wuce. 6.5 cikin 100 ne iyakar tabbatar da ciwon, kuma yawancin masu magani ana so su sauko ƙasa da 7. Sai dai mai sikila, ko mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, wannan gwajin na iya ba da lambar ƙarya. Ya faɗa kafin a ɗebi jinin.

Sannan a tambaya: "Akwai gwajin da zan yi kafin in fara?" Gwajin ƙoda ya kamata ya riga metformin na suga da lisinopril na hawan jini. In ƙarfin tacewar ƙoda ya yi ƙasa da 30 ba a ba da metformin. Lisinopril kuma ana sake duba ƙoda da sinadarin fotasiyam mako 1 zuwa 2 bayan an fara.

Famasis Lawal: Duk gaskiya ne, amma ni a ganina tambayar da ke yanke hukunci ita ce ta kuɗi, kuma ita mutane suka fi jin nauyin yi. "Dakta, a wata nawa zai ci mani?" Likita na rubuta abin da ya ga ya fi kyau, bai san aljihunka ba sai ka faɗa. Magani mai tsada da za ka sha mako biyu ka bari bai kai mai araha da za ka sha shekara goma ba.

Ka ce a rubuta maka ainihin sunan maganin, ba sunan da kamfani ya laƙaba masa kawai ba. Amlodipine na hawan jini, misali, ɗaya ne, kamfanoni da yawa ke yinsa, farashi ya bambanta ƙwarai. Sanin ainihin sunan na hana wata ɓarnar ma: mutum ya sayi kwali biyu masu suna daban, launi daban, ashe magani ɗaya ne, ya riƙa shan ninki biyu. A duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace, a saya a wurin da ke da rajista. Na faifai da na bayan mota ranar kasuwa sun sha rana, ko na gaske ne ƙarfinsu ya ragu.

Kuskuren da mutane ke yi in kuɗi ya yi ƙasa shi ne raba ƙwaya biyu, ko shan yau a tsallake gobe. Wasu ƙwayoyin ba sa rabuwa. Nifedipine na hawan jini da aka yi don ya riƙa narkewa a hankali, in aka fasa ko aka tauna, duk ƙarfinsa zai fita lokaci ɗaya, jini ya faɗi, mutum ya yanke jiki. Ma'aikacin jiha ya tambayi abin da katinsa na KTSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Katsina, ya ɗauke masa, na tarayya ya tambayi na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, tun kafin ya biya daga aljihu.

Sista Rabi: Ranku ya daɗe, tambayoyin nan fa sun yi yawa ga wanda ya baro ƙauye da asuba, ya ɗauki kati, ya tarar da layi har waje, likita ɗaya na duba kowa. Minti nawa zai samu? Shawarata a raba aikin. Uku na likita ne: ciwon me ke gare ni kuma har yaushe zan sha magani, wace lamba muke nema, yaushe zan dawo. Na yadda ake sha, da abinci ko kafin abinci, da abin da ba a haɗawa, a kai wa mai ba da magani. Na abinci da kula da ƙafa da yadda ake allura, a kawo wa nas. A rubuta su a takarda tun daga gida, don da an shiga ɗakin likita kai ke ɗaurewa. Dattijo kar ya zo shi kaɗai, ya zo da ɗa ko jika mai karatu, kuma wanda zai riƙa ba shi maganin a gida, ba wanda ya kawo shi a mota ya koma Kano ba.

Kuma a zuba duk abin da ake sha a leda a zo da shi: na kemis, na gargajiya, na Islamiyya, har kwalin da ya ƙare.

Malam Sada: Sista, wasu na tsoron likita ya ji haushi, ya ga kamar ana tuhumar iliminsa.

Dakta Mannir: Haƙƙinsa ne, Malam. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. A yi tambayar cikin ladabi, a taƙaice, shi ke nan. Lambar da Sista ta ambata: a hawan jini ƙasa da 140/90 ake nema, mai suga ko ciwon ƙoda ana so na saman ya sauka ƙasa da 130. Ana dawowa duk wata har a kai wurin, daga nan wata 3 zuwa 6. Amlodipine ba ya nuna cikakken aikinsa a kwana biyu, sai an ba shi makonni, don haka kar a ce bai yi ba a canza.

Dakta Hadiza: Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bari in yi ta mata. Duk macen da ke shekarun haihuwa ta yi wannan tambayar ko da likita bai tayar ba: "In na samu ciki fa?" Lisinopril, enalapril da losartan na cutar da ƙodar ɗan da ke ciki. Ana mayar da mai ciki kan methyldopa, nifedipine ko labetalol, kuma gara a canza tun ana shirin cikin. A farfaɗiya, sodium valproate ne ya fi haɗarin nakasa jariri, amma kuskure mafi muni shi ne mace ta ga ta yi ɓatan wata ta watsar da maganin da kanta. Farfaɗiyar na iya tasowa a jere ba sararawa, uwa da ɗa duk su shiga haɗari. Ta ci gaba da sha, ta zo asibiti a wannan makon. Hydroxyurea na masu sikila shi ma sai an zauna da likita kafin a nemi haihuwa, mace ko namiji.

Ta ɗaya gefen kuma, rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenobarbitone na farfaɗiya, suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da wanda ake sawa a dantse. Mace ta faɗi abin da take amfani da shi, ko da a keɓe ne da nas.

Sai jego. Mai hawan jini ta tambaya game da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da zafin jego da gazawar zuciya bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi na sarƙewa in ta kwanta, asibiti za a kai ta, ba ƙarin kunu ba.

Alhaji Dikko: Ni inda ban gamsu ba shi ne batun illa. Mutanenmu in ka karanta masu illolin magani, wallahi ba za su sha ba. Ba gara a yi shiru ba, in ta faru a magance?

Famasis Lawal: Ranka ya daɗe, shirun ne ke korar su. Wanda aka gaya wa metformin na iya kawo zawo da tashin zuciya a makon farko ko na biyu, kuma zai wuce, zai daure. Wanda ba a gaya wa ba zai ce maganin bai karɓe shi ba. Shi ya sa ake farawa da 500mg sau ɗaya a tsakiyar cin abinci, a ƙara a hankali. Ba takardar cikin kwali za a karanta wa mutum duka ba. Ya tambaya a raba masa: wacce zan daure, wacce zan dawo a canza, wacce zan rugo asibiti a daren.

Ta dauriya: zawon metformin, yawan fitsarin hydrochlorothiazide, maganin hawan jini mai sa fitsari, wanda shi ya sa da safe ake shansa, da fitsari ya koma ja-ja saboda rifampicin, ba jini ba ne. Ta dawowa: ƙafa ta kumbura da amlodipine, ko busasshen tari mai naci da lisinopril. Wannan tarin mutane na kashe kuɗi a kansa wurin maganin tari da na kashe ƙwayoyin cuta, alhali canza ƙwaya ɗaya ce maganinsa. Ta gudu: leɓe ko harshe ya kumbura da lisinopril, abin da ya fi samun baƙar fata, ƙuraje da zazzaɓi da gyambon baki a watannin farko na carbamazepine, ido ya yi ɗorawa da amai ga mai maganin tarin fuka.

Dakta Mannir: Akwai wadda maza ba sa faɗa. Atenolol da hydrochlorothiazide na hawan jini na iya rage wa namiji kuzari wurin iyali. Sai ya daina a ɓoye, ya koma wurin masu maganin ƙarfin maza, ba wanda ya san me ke cikin kwalbar. Ya faɗa kawai, akwai madadi. Kuma shi kansa suga da hawan jinin da ba a riƙe ba su suka fi kawo wannan matsalar. Atenolol ba a yanke shi lokaci ɗaya, bugun zuciya na iya tashi. Haka prednisolone, maganin rage kumburi da akan ba mai asma, ga wanda ya daɗe yana sha, a hankali ake janye shi.

Alhaji Dikko: To na ji, Dakta. Na gargajiya fa? Zogale, tafarnuwa, zoɓo, habbatus sauda, kowa na sha.

Dakta Hadiza: Alhaji, a matsayin abinci ba mai hana kwaɗon zogale. Zoɓo ma an ga yana ɗan saukar da jini, sai dai wanda ake sayarwa suga ya yi masa yawa, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya. Matsalar tana wurin jiƙo da garin da ba a san me aka zuba ba, ba a san adadi ba. Ƙoda da hanta ke ɗaukar nauyin, kuma mai suga da hawan jini dama ƙodarsa a takure take. Likitan da ya yi wa majiyyaci faɗa don ya faɗi gaskiya, shi ya koya masa ɓoyewa.

Amma abin da ya fi ban tsoro na kemis ne. Haɗin ciwon jiki da manoma da masu aikin ƙarfi ke sha kullum, diclofenac, ibuprofen, piroxicam, yana ɗaga jini, yana karya aikin maganin hawan jini, yana cin ƙoda, yana huda ciki. Dexamethasone da 'yan mata ke sha don ƙiba yana ɗaga suga da jini. A tambaya: "In kaina ko jikina na ciwo me zan sha?" Yawanci paracetamol ne. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da yajin tsire da kilishi duk suna cikin lissafin.

Sista Rabi: Azumi! Kar mu manta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai suga ya zo mako 6 zuwa 8 kafin watan, ba ranar da aka ga wata ba. Dattawa masu Litinin da Alhamis da Sitta Shawwal su ma su faɗa. Cikin ƙwayoyin masu suga, glibenclamide shi ya fi kayar da suga ga mai azumi da tsoho, akan canza shi ko a mayar da babban kason zuwa shan ruwa. Mai sa fitsari a sha bayan shan ruwa, musamman in azumin ya faɗo a bazara. In awo ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9, ko ya haura 300, a karya azumin nan take. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi a wurin malaman da suka yi magana a kai, mai shakka ya tambayi limaminsa tun kafin lokacin.

Mutanen gida su san alamun faɗuwar suga: gumi, karkarwa, yunwa, sambatu. In yana iya haɗiya, ƙaramin cokali 3 na suga a ruwa, a sake awo bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya suma kar a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe a kai asibiti.

Famasis Lawal: Wanda aka ɗora kan insulin yana da tambaya biyu tun kafin ya bar wurin. Ta farko ajiya. Wadda ba a buɗe ba firij take so, maki 2 zuwa 8, kuma in ta daskare ta mutu. Wadda aka buɗe tana yin kamar mako 4 in zafi bai wuce maki 30 ba, amma zafin Afrilu a Katsina na kai 40. Inda ba wuta, a sa kwalbar a roba mai murfi, a saka cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da ke zaune a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kar a jefa ta tsirara cikin randa, kar a bar ta a mota ko aljihun gaba.

Ta biyu sirinji. Akwai insulin mai ƙarfin yunit 100 a kowane mililita, akwai mai 40, kowace da sirinjinta. In aka ja mai 100 da sirinjin 40, mutum ya yi wa kansa ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. A haɗa lambar kwalba da ta sirinji a gaban mai sayarwa. A riƙa sauya wurin allura, don wurin da aka nace wa yana yin tsiro, maganin ya daina shiga daidai.

Malam Bishir: Ciwon hanta na B ya bambanta da sauran: tambayar ita ce "Ina ma buƙatar magani yanzu?" Ba duk wanda gwajin farko ya nuna yana ɗauke da cutar ke shan magani ba. Sai an duba lafiyar hanta da yawan ƙwayar cutar a jini, wasu sa ido kawai ake yi ana maimaita gwaji. Wanda za a ɗora kan tenofovir sai an yi masa gwajin HIV da na ƙoda tukuna, kuma ya san in ya yanke da kansa hantar na iya tashi fiye da da. A gwada mata da 'ya'ya, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi, jariri kuma ya samu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Malam Sada: An turo tambaya biyu ta bayan fage. In mutum ya manta bai sha ba fa? In kuma amai da gudawa suka kama shi?

Dakta Mannir: A yawancin ƙwayoyin hawan jini, in ya tuna a yinin ya sha, in lokacin na gaba ya matso ya bar wancan, kar ya ninka. Glibenclamide kuwa da abinci yake tafiya, ba a rama shi da ciki fayau. Amai da gudawa: metformin, lisinopril da mai sa fitsari akan dakatar da su na ɗan lokaci har ruwan jiki ya dawo, don haɗuwarsu da bushewar jiki na iya tsayar da ƙoda. Amma yaro ko matashin da rayuwarsa ke kan insulin ba ya barinta ko ba ya cin abinci, awo yake yawaitawa ya zo asibiti. Shi ya sa tun ranar farko a ce wa likita ya yi alama a jikin takarda, wanne ake tsayarwa ranar rashin lafiya, wanne ba a taɓawa.

Sista Rabi: Ga na nesa, irin mutanen Baure ko Batsari: da zarar awo ya daidaita, a nemi a rubuta na wata 2 ko 3, a tambaya ko za a iya yin awon wata-wata a asibitin sha-ka-tafi na kusa, a riƙa rubutawa a littafi ɗaya da kwanan wata. A dawo saura mako ɗaya magani ya ƙare, ba bayan ya ƙare ba. Mai suga kuma ya tambayi ranar duba ido da gwajin fitsari na ƙoda, sau ɗaya a shekara, kuma duk zuwa ya cire takalmi a duba masa tsakanin yatsu.

Alhaji Dikko: Famasis, na asma ba wanda ya taɓa, ga hunturu na tafe.

Famasis Lawal: Abin shaƙa iri biyu ne, Alhaji, ya tambaya wanne aka ba shi. Salbutamol na buɗe ƙirji ne lokacin da abin ya taso. Beclometasone na kullum ne ko da lafiya lau yake, kuma a kurkure baki bayan an shaƙa don kar farin kumfa ya fito a harshe. Wanda ke neman salbutamol fiye da sau biyu a mako, asmarsa ba ta riƙu ba, ya koma tun kafin ƙura ta sauko. Ya ce a nuna masa yadda ake shaƙa, shi ma ya gwada a gabansu: a girgiza, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara ja a hankali, a riƙe daƙiƙa 10. Kuma ya gaya wa duk mai rubuta masa maganin hawan jini cewa yana da asma, don propranolol na iya toshe masa ƙirji.